Sirniki, Wainar Cukun Rasha ta Karin Kumallo: Tambayoyi da Amsoshi

Sirniki waina ce da Rashawa ke yi da ɗanyen cukun madarar shanu, su soya ta a kasko, su ci da safe da shayi mai zafi. Kayan haɗinta biyar ne kacal: cuku, ƙwai, fulawa, sukari da gishiri. Duk da haka tana ba mai koyo wahala, kuma kusan kullum matsalar daga wuri ɗaya take fitowa, wato ruwan da ke cikin cukun. Saboda haka za ki ga amsoshin nan suna yawan komawa kan wannan batu.

Mece ce sirniki, kuma yaya take a baki?

A girma ba ta wuce masa ba, sai dai gefenta a tsaye yake, sama da ƙasa kuma a shafe. Bayanta ja ne mai ɗan ƙarfi saboda suya, cikinta fari ne mai laushi da ɗan tsami-tsami. Zaƙinta kaɗan ne, domin ana barin sauran zaƙin ga abin da za a zuba mata a faranti. Abin da ya kamata ki riƙe tun farko shi ne, sirniki cuku ce da aka ɗaure da fulawa 'yar kaɗan. Idan kika gutsura kika ji ɗanɗanon fulawa ya fi na madara, to an kauce hanya.

Rashawa suna da wasu wainonin da ake rikita su da ita. Bilini faɗi gare ta, ga ta siririya, ana naɗe ta. Oladi kuma ƙullu ne mai ruwa-ruwa da ake zubawa da cokali. Sirniki ce kaɗai ake mulmulawa da hannu kafin ta shiga kasko.

Wane irin cuku ake nufi? Mai launin rawaya da ke narkewa?

A'a. Wannan zai narke ya malale, ba abin da za ki kwashe. Cukun sirniki shi ne wanda suke kira tiborog: madara ce da aka bari ta yi tsami, aka ɗumama ta har ta tsinke, aka tace ruwan, farin gudajin ya rage. Ba a sa masa gishiri, ba a ajiye shi ya tsufa, cikin 'yan kwanaki ake cinye shi.

A kantunan Rasha ana sayar da shi gwargwadon yawan mai: akwai marar mai sam, akwai mai kashi 2, 5, 9 har 18 cikin ɗari. Na sirniki shi ne mai kashi 5 ko 9. Marar mai yana ba da waina busasshiya mai tsami da yawa, mai kashi 18 kuwa da ya ji zafi sai ya saki jiki.

A garinmu ba a sayar da tiborog. Yaya zan yi nawa?

Nan mun yi sa'a, domin kindirmo shi ne matakin farko na tiborog. Rashawa ma da madarar da ta kwana ta yi tsami suke farawa, wadda suke kira purostokwasha. Ki nemi kindirmo mai kyau wanda ba a cire masa mai ba, ba a tsinka shi da ruwa ba, ba a sa masa sukari ba. Nonon da aka kaɗe aka kwashe man shanunsa zai yi, amma cukun zai fito kaɗan kuma a bushe. Idan da madarar gari kike haɗa naki kindirmon, shi ma yana yi, muddin mai cikakken mai ce.

Lita 3 na kindirmo na ba da wajen rabin kilo na cuku, wani lokaci ya ɗan haura. Ki zuba shi a tukunya, ki saka tukunyar cikin wata babba mai ruwa, ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa. Kada ki yi ta juyawa. Sau ɗaya ko biyu ki ja cokali a hankali daga gefe zuwa tsakiya don zafin ya ratsa. Bayan minti 20 zuwa 30 za ki ga farin ya fara haɗuwa, ruwa mai ɗan launin rawaya yana warewa a gefe. Zafin da ake so shi ne wanda za ki iya tsoma yatsa ki ɗan jure, wato digiri 45 zuwa 50. Da kin ga ya ware, ki sauke. Kada ya tafasa ko kusa. Tafasa ce ke mayar da gudajin ƙanana masu tauri, suna ƙara a haƙori, kuma daga nan ba gyara.

Ki bar tukunyar ta huce da kanta, sannan ki shimfiɗa ƙyallen tatar koko mai tsabta a kan rariya, ki juye, ki ɗaure bakin ƙyallen ki rataye shi ya ɗiga awa 3 ko 4. Lokacin zafi gara ki ɗora rariyar a kan kwano ki sa a firij, don kada tsamin ya wuce kima. A ƙarshe ki ɗora masa wani abu mai nauyi, misali kwano cike da ruwa, na awa ɗaya. Cukun da ya yi daidai, in kika dunƙula shi a hannu zai tsaya, ba zai bar ruwa a tafinki ba.

Idan ɗanyar madara kika saya daga ruga, ki tafasa ta tukuna, ta huce, sannan ki sa mata cokali biyu na kindirmo ta kwana. Zafin da ake tsinka cukun da shi bai kai ya kashe ƙwayoyin cutar da ɗanyar madara kan ɗauka ba.

Na ji ana tsinka madara da lemun tsami. Wannan hanyar fa?

Tana yi, kuma ta fi sauri. A tafasa madara, a sauke, a matsa lemun tsami kaɗan-kaɗan har ta tsinke, a tace. Sai dai cukun yakan fi tauri, kuma ba shi da wannan tsamin na madarar da ta kwana, wanda shi ne rabin daɗin sirniki. In da shi za ki yi, ki murje shi sosai ki ƙara masa babban cokali ɗaya na kindirmo mai kauri.

Cukun Nijar, ko wara, ko awara, ba za su maye gurbinsa ba?

Cukun Nijar an shanya shi ya bushe, ba zai kwaɓu ba. Wara, wadda ake tsinkawa da ruwan tumfafiya, tana da danƙo kuma ba ta da tsami. Soya ta kai tsaye ya fi dacewa da ita. Awara kuwa waken suya ce, ba madara ba. Za a iya yin wata waina da ita, amma ba sirniki ba ce.

To, mene ne awon?

Ga rabin kilo na tiborog: ƙwai 1, fulawa babban cokali 3, sukari babban cokali 1 ko 2, gishiri ɗan abin da yatsu uku za su ɗiba. Sai wata fulawar daban ta barbaɗawa a faranti, da mai kaɗan na suya. Mai so yana ƙara zabibi kamar cikin hannu ɗaya, da garin banila. Wannan awon na ba da waina 9 ko 10, wadda za ta ishi mutum uku.

Ƙwai ɗaya na ce, kuma ɗaya nake nufi. Mutane da yawa suna ganin rabin kilo ya yi wa ƙwai ɗaya yawa, su ƙara na biyu, alhali ƙwai ruwa ne. Idan cukunki mai laushi ne, ki sa ƙwanduwa kaɗai ki ajiye farin.

Yaya ake haɗawa da soyawa?

Ki fara murje cukun. Ko ki tura shi ta rariya da bayan cokali, ko ki danne shi da cokali mai yatsu har gudajin su mutu. Na rariya ya fi santsi, na cokali yana barin 'yan ƙwayoyi, kuma akwai Rashawan da haka suka fi so. Injin markaɗe ba na ba da shawararsa, domin yana sa cukun ya yi ruwa.

Ki zuba ƙwai, gishiri da sukari ki juya, sannan fulawa. Juyawa ce kawai har su haɗu, ba murza kwaɓin burodi ba. Kwaɓin zai ɗan manne a hannu, haka ake so. In kina da lokaci ki sa shi a firij minti 20, ya fi sauƙin sarrafawa.

Ki barbaɗa fulawa a faranti ko katako, ki mulmula kwaɓin ya yi tsawo, ki yanka shi gida 9 ko 10. Kowane yanki ki juya shi a fulawa, ki danne shi ya yi kaurin yatsa ɗaya da rabi, wajen santimita 2. Akwai dabarar da masu girkin Rasha ke yi don gefen ya fito daidai: a kifa kofin gilashi mai faɗin baki a kan curin, a riƙa juya kofin da sauri a kan katakon, curin na bugun bangon kofin har ya zama da'ira. Ki kakkaɓe fulawar da ta yi yawa, domin ita ce ke ƙonewa a mai.

Mai kaɗan ake sawa, wanda zai rufe gindin kasko kawai. Rashawa da man sanfulawa suke yi, wasu su haɗa da ɗan bota. Man gyaɗa marar ƙamshi sosai ya yi. Ki bari man ya yi zafi kafin ki jera, sannan ki rage wuta zuwa ƙasa da matsakaici. Minti 3 zuwa 4, ƙasan ya yi ja, ki juya sau ɗaya, ki rufe kaskon, ki ba ɗaya gefen kamar haka. In kin kwashe, ki ba ta minti 5 kafin a ci. Da zafinta cikin yana da ruwa-ruwa, sai ta ɗan huce take kama jikinta.

Me ya sa tawa ke bajewa a kasko?

Ruwa. Ko cukun bai tsane ba, ko ƙwai ya yi yawa, ko sukari ya yi yawa. Na ukun ne mutane ba sa zargi. Sukari yana janyo ruwa daga cikin cuku, shi ya sa kwaɓin da ya yi kyau yanzu, in ya zauna rabin awa da sukari mai yawa sai ki tarar ya saki. A kasko kuma sukarin narkewa yake, ya ƙara ruwa, ya kuma ƙone. Wanda ke son zaƙi ya bari sai a faranti.

Abin da hannu ke saurin yi idan kwaɓi ya yi ruwa shi ne ƙara fulawa. Cokali ɗaya ba laifi. Amma in kika kai cokali 6 ko 7, wainar za ta tsaya, sai dai ta yi nauyi, ta yi danƙo, ɗanɗanon madarar ya ɓace, kin yi asarar cukun da kika sha wahalar tacewa. Gyaran na gaskiya kafin haɗawa ake yin sa: a mayar da cukun ƙyalle a matse. Idan kin riga kin haɗa, ki sa babban cokali ɗaya na samolina, ki bar kwaɓin a firij minti 20 ta sha ruwan. Idan ya ƙi duk da haka, kada ki zubar. Ki shafa wa kwanon gashi mai, ki juye, ki gasa a oban. Wannan ma abincin Rasha ne mai sunansa, zafekanka, kuma yara na son sa.

Zabibi ma na kawo ruwa. In kin jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi, ki tsane shi da ƙyalle sosai kafin ya shiga.

Fulawa ta fi ko samolina?

Kowace da halinta. Fulawa na ɗaurewa nan take, ga sauƙi. Samolina, wadda suke kira manka, na buƙatar minti 15 zuwa 20 ta kumbura, amma tana ba da waina mai sauƙi a ciki, kuma ba ta danne ɗanɗanon cuku. Garin shinkafa shi ne yayin gidajen shayi na Mosko a shekarun nan: ba shi da danƙon alkama, bayan wainar kuma yana fitowa da ƙaras-ƙaras. A ganina samolina a ciki, garin shinkafa a waje, shi ne haɗin da ya fi. Amma mai fara koyo ta fara da fulawa har hannunta ya san yadda kwaɓin kirki yake.

Bayanta ya ƙone, cikinta bai nuna ba.

Wuta ta yi yawa, ko wainar ta yi kauri. Ki rage wutar, ki rufe kaskon bayan juyawa. Mai oban na iya soya kowane gefe minti 2 don launi, ta ƙarasa a oban mai digiri 180 na minti 8 zuwa 10. A gawayi, ki bari garwashin ya kwanta tukuna.

Ana sa mata yis ko garin tashin kek?

Yis ba ya shiga. Garin tashi wasu na sa ɗan kaɗan, sai ta kumbura a kasko, ta kuma saɓe da ta huce. Ba ta buƙatarsa.

Da me ake cin ta?

Da simetana kafin komai. Kirim ne mai tsami da kauri, mai kashi 15 zuwa 20 na mai, wanda Rashawa ke sa wa miya, dankali da kusan kowace waina. Sanyinta da tsaminta a kan waina mai ɗumi shi ne cikar abincin. In babu, kindirmo mai kauri da aka ɗan tsane a ƙyalle ya kusa da ita.

Sai abin zaƙi. Akwai warenye, wato 'ya'yan itace da aka dafa da sukari suna nan da siffarsu cikin ruwan zaƙi, wanda iyalai ke yi da rani su cika kwalabe don hunturu. Akwai zuma. Akwai kuma madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, sugushonka, wadda gwangwaninta mai shuɗi da fari ya shahara tun zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma ita yara suka fi so. Gefe guda baƙin shayi, sau da yawa da yankan lemun tsami.

Ba dole ta zama mai zaƙi ba. Ana yin ta da gurzajjen karas da aka ɗan dafa, ana kuma cire sukarin gaba ɗaya a sa ganyen ƙamshi da ƙarin gishiri. Tiborog na da sinadarin gina jiki wajen giram 16 zuwa 18 a kowane giram 100, shi ya sa waina uku ke riƙe ciki har azahar.

Abincin Rasha ne ko na Yukren?

Na duka biyun ne, har da Belarus. A Lituweniya da Latbiya ma ana yin ta da sunayensu na gida. Al'ummomin nan duk masu kiwon shanu ne a ƙasa mai dogon hunturu, kuma kafin zuwan firij madara tsami take yi, dole a san yadda za a yi da ita. A ƙauyukan Rasha ana saka tukunyar madara mai tsami cikin babban murhun gida bayan an gama girki, zafin da ya rage ya tsinka ta a hankali. Saka tukunya cikin wata mai ruwan zafi da na kwatanta a sama kwaikwayon wannan sanyin wutar ne.

Addini ma ya taka rawa. Kiristocin Otodoks ba sa cin nama, ƙwai da madara a babban azuminsu na mako bakwai kafin Ista, da wasu azumomin cikin shekara, alhali shanu ba sa daina ba da nono. Mayar da shi cuku hanya ce ta adana shi. Makon da ke gaban babban azumin, Maslenitsa, ana barin nama amma ana cin kayan madara sosai, har coci ke kiransa makon cuku. Ranar Ista kuma da tiborog ake yin wani kayan zaƙi mai suna faska.

Cuku mai tauri irin na Turawan yamma daga baya ya yaɗu a Rasha. A 1866 ne Nikolai Bereshagin ya kafa masana'antar cuku ta haɗin gwiwar manoma ta farko a lardin Tiber. A zamanin Sobiyet sirniki ta shiga jerin abincin makarantun renon yara da ɗakunan cin abinci na ma'aikata, shi ya sa manya da yawa a can ke haɗa ta da ƙuruciyarsu. Abu ɗaya na lura: a birnin Libib na Yukren akwai sirnik, wanda kek ne na cuku da ake gasawa a yanka, ba wainar kasko ba.

Ni ɗalibi ne a Rasha. Wanne zan ɗauka a kanti, kuma halal ne?

Ka nemi fakitin da aka rubuta творог, wato tiborog da rubutun Rasha, da lamba 5% ko 9%, wanda aka matse kamar bulo aka naɗe a takarda, yawanci giram 180 ko 200. Biyu sun ishe ka da abokin ɗakinka, da ƙaramin ƙwai ɗaya. Ka guji mai laushi na cikin roba, da mai ƙwaya-ƙwaya cikin kirim, da wanda aka riga aka sa wa sukari da zabibi, domin duk ruwa gare su. Ka kuma guji wanda aka rubuta творожный продукт, domin sau da yawa an haɗa shi da man tsirrai. Tun Yulin 2019 doka ta sa kantuna su ware kayan madara na zalla, za ka ga alamar БЗМЖ, ma'ana ba a sa wani mai a madadin man madara ba, a wurin da aka jera su.

Kayan sirniki madara ne, ƙwai da gari. Wuri biyu ne na dubawa. Wasu kamfanoni na tsinka madarar da sinadarin da ake samu daga cikin ɗan maraƙi, to ka karanta kayan haɗin, ka zaɓi wanda madara da ƙwayar tsami kawai aka lissafa, ko mai tambarin halal, wanda ya fi samuwa a garuruwa irin su Kazan. Na biyu banila: ta ruwa yawanci da barasa ake jiƙa ta, amma Rashawa ta gari suka fi amfani da ita, wadda ake sayarwa a ƙananan fakiti. Wanda ke Ingila ko Jamus kuwa ya leƙa shagon 'yan Foland ya nemi twaróg, kusan abu ɗaya ne.

Zan iya haɗawa da dare in soya da safe?

Cukun ki yi shi da dare, ya kwana yana tsanewa a firij, wannan ma ya fi. Kwaɓin kuwa in zai kwana kada ki sa masa sukari sai da safe. Hanyar da ta fi ita ce ki mulmula wainar, ki jera a faranti mai fulawa, ki sa a firiza ta daskare, sannan ki juye a leda. Ranar da kike so, daga firiza sai kasko, ba sai ta narke ba, wuta ƙasa, kasko a rufe, kowane gefe minti 5 zuwa 6. Wannan sai inda ba a yawan ɗauke wutar lantarki. Wadda ta narke ta sake daskarewa ba ta da amfani. Soyayyiya tana kwana biyu a firij, a ɗumama ta a busasshen kasko da murfi.

Ruwan da na tace fa, zubarwa zan yi?

Kada ki zubar. Lita 3 na kindirmo na barin fiye da lita 2 na wannan ruwan, kuma akwai sauran amfanin madara a cikinsa. Rashawa na kwaɓa bilini da burodi da shi, wasu na yin miyar sanyi ta rani, okuroshka, da shi. Ki sa shi a kwalba a firij, ki yi amfani da shi a madadin ruwa a duk wani kwaɓin fulawa cikin kwana 2 ko 3.